Ku Tambayi Kawu: Shimaliyya, Ƙasar da Ke Rataye a Wuyan Kogi

Jama'a, assalamu alaikum. Saƙonnin wannan wata yawancinsu arewa suka dosa, wato Shimaliyya, jihar da ke can arewacin ƙasarmu Sudan, kuma abin bai ba ni mamaki ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 hanyoyin da muka saba bi suka rikice, idon mutane ya koma can: wani kasuwa yake nema, wani zinariya, wani ƙofar fita Masar. Na tsamo guda uku. Ga sababbin masu karatu, ni haifaffen Mai Wurno ne. Na fara taka ƙasar arewa ina yaron mota a bayan wata babbar motar kaya da ake kira sifinja, tun ba a shimfiɗa kwalta ba, daga baya na yi shekaru ina saro dabino ina kawowa kasuwar Gadarif.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni matashi ne, ina sayar da riɗi da gyaɗa a kasuwa, na ɗan tara jari. Ina so in fara saro dabino daga Dungula saboda azumi. Amma an ce mini can ba a ruwan sama sam. To ƙasar da ba damina, daga ina take samo dabino da alkama da waken ful ɗin da muke saye? Kuma yaushe ya kamata in tafi? Ɗanka, daga Gadarif.

AMSA: Ɗana, Allah ya sa albarka a jarin. Wanda ya ce maka ba a ruwa a can bai yi maka ƙarya ba. A Wadi Halfa akan jera shekaru ba a ga ɗigon da zai jiƙa ƙasa ba, Dungula ma kusan haka take. Kai da ka tashi a Gadarif, inda manomi ke ɗaga kai ya dubi hadari, dole abin ya ɗaure maka kai. Manomin arewa ba ya ɗaga kai. Sunkuyawa yake ya ga inda kogi ya kai a jikin gaɓa.

Wilayar Shimaliyya faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 350,000, ya haura kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya gaba ɗaya, amma ƙidayar 2008 mutum kusan 700,000 kawai ta samu a cikinta. Su ma ba warwatse suke ba, jere suke a bakin Nilu kamar 'ya'yan carbi a zare. Ranar da na fara ganin haka ba ta fita raina. Mun baro Umdurman da lodin dawa da sukari, kwana biyu da yini muna cikin rairayi. Mota ta kafe, mu diro da faranten ƙarfen nan da ake kira saj, mu tona, mu cusa ƙarƙashin taya, direba ya taka, mu zaro mu ruga mu sake cusawa a gaba. Leɓɓana duk sun tsage. Da la'asar ɗin rana ta uku muka hau wani tudu, sai ga wani siririn layi kore shar ya ratsa ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan. Muka sauka a wani ƙauye kusa da Dabba. Na gangara na sha ruwa a bakin kogi, na juyo ina ƙirga takuna. Taku ɗari uku da 'yan kai shuka ta ƙare. Daga nan sai gidaje, bayan gidaje maƙabarta, bayan maƙabarta kuwa ba komai sai rairayi har iyakar Libiya. Na tambayi wani dattijo me ya sa suka yi gini a kan tsakuwa cikin rana, alhali ga inuwar dabino. Ya ce, "Yaro, ƙasar da ruwa ke kaiwa ba a kwana a kanta."

Shi kogin ma tafiyarsa a can ba miƙaƙƙiya ba ce. Daga Hartum ya nufi arewa, ya wuce Shandi da Atbara da Barbar, ya kai Abu Hamad. A nan sai ya yi kwana ya juyo kudu maso yamma kamar mai mantuwa, ya bi ta Karima da Marawi da Korti har Dabba, sannan ya sake fuskantar arewa: Dungula, Karma, Dalgo, Abri, Wadi Halfa. Hamadar da ya zagaye da wannan lanƙwasa ita ce Bayuda. Kuma daga garin Atbara, inda kogin Atbara ya zuba a cikinsa, ba wani kogi da ke ƙara shiga Nilu har ya faɗa teku a Masar. Ke nan duk abin da arewa ke sha daga nesa yake zuwa, galibinsa daga tsaunukan Habasha da ke bayanku. Ruwan da ya sauka a can a watan Yuli shi ke isa Dungula a Agusta da Satumba, ja wur da laka. Damira suke kiran wannan cikar. Ita ce daminarsu.

Idan ruwan ya janye, lakar da ya bari a gaɓa, wadda suke ce wa jarif, shuka ta ake ba ban-ruwa, a sa wake da kabewa. Gonar da ke sama da gaɓa kuwa sai an ɗago mata ruwa. Da can saƙiya ce ke wannan aiki, wani babban gargare na katako da tukwane ɗaure a jiki, shanu na juya shi dare da rana. Ni ragowarsu na riska a yashe, amma har yau gonar mutum da sunan saƙiya ake kiran ta. Sai babur ya zo ya gaje ta. Mutanen Kano da Damagaram masu karanta mu, kada ku ɗauka na hawa ne, a nan Sudan injin jan ruwa ake ce wa babur. Bayan da aka buɗe madatsar Marawi a 2009, mai ƙarfin megawat 1,250, gonaki da yawa suka koma ban-ruwa da lantarki. Akwai kuma 'yan wuraren da tudu ya ja da baya fili ya buɗe, kamar kwarin Silaim a hayin Dungula, inda ful ɗin nan da ya yi suna ke fitowa.

Sanyi shi ne jarinsu na biyu. Hunturunsu ya fi na Jazira, yankin noman da ke kudu da Hartum, tsawo da kaifi, iskar arewa ta buso sai ka nemi bargo biyu, alkama kuwa abin da take so ke nan. A shuka a Nuwamba, a yanke a Maris, tare da ful da tafarnuwa da albasa da kayan ƙamshin nan shamar. Sai dai noman da ransa ke jikin wayar lantarki ba ya rabuwa da fargaba. A farkon 2022, da aka ƙara kuɗin wutar noma, manoma suka fito suka datse babbar hanyar Shiryanul Shimal, manyan motocin Masar suka yi cirko-cirko makonni. A 2025 kuma jirage marasa matuƙa suka riƙa kai hari kan tashar wutar Marawi, wuta ta ɗauke, shuka ta yi yaushi a gona ga kogi cike a gefenta. Mai hali ya sayi sola, marar hali ya zuba wa sarautar Allah ido.

Yanzu ga dabinonka. Shi wannan itace rashin ruwan sama alheri ne a gare shi. Saiwarsa danshi take so, 'ya'yansa kuwa zafi busasshe, irin wanda ke haura digiri 45 a watan Yuni. Ruwa ya sauka a kansa yana cikin nuna, sai ya tsage ya yi tsami. Shi ya sa mamakon da ya faɗa wa arewa a Agustan 2024 bai zame musu abin murna ba: gidajen laka suka narke, kunamu suka fito gari, amfanin bishiya ya taɓu. A Fabrairu da Maris ake hawa a yi masa barbara da hannu, a yanko furen namiji a ɗaura a na mace, bishiya bayan bishiya. Girbi kuwa Satumba ne zuwa Oktoba.

Barakawi shi ne na ɗan kasuwa mai ƙaramin jari. Busasshe ne, yana shekara a buhu bai ce komai ba in ka tsare shi daga danshi da ƙwari. Gundaila ya fi shi taushi da tsada. Tamoda ya fi su duka daraja, amma ba shi da yawa, kada ka fara da shi. Jaw kuwa, wanda ya tsiro daga ƙwallo ba dashe ba, arha ne, kuma da shi marasa tsoron Allah ke cika tsakiyar buhu.

Ga abin da ba a faya gaya wa baƙo ba sai ya ji a jikinsa: bishiya ɗaya a can tana iya zama ta mutum goma. A al'adarsu mai ƙasa yana da kaso, wanda ya kawo dashe yana da kaso, wanda ya shayar da ita har ta girma yana da nasa, sannan kowannensu ya rasu ya bar magada. Na taɓa zama a gindin wata barakawi a wajen Golid ina kallon rabo. An shimfiɗa tabarmi, mai hawa yana zuro nonon dabino da igiya, wata tsohuwa na zaune da ma'auni tana yin tsibi-tsibi. Tsibi tara na ƙirga. Tana nuna kowanne tana faɗin mai shi: wannan na wanda ke Jidda, wannan na 'ya'yan marigayiya da ke Bur Sudan, wannan na wanda ya tafi Alƙahira tun da saurayinsa. Biyu kacal ne masu su ke tsaye a wurin. Haka ƙauyukan suke, maza da yawa a waje suke nema, kuɗin aike na riƙe gidaje kamar yadda dabino ke riƙe su, hannun aiki kuwa sau da yawa baƙo ne, har da yaranmu. Don haka kada ka kuskura ka ba mutum ɗaya kuɗin kafin alƙalami a kan bishiyoyi suna tsaye. Na yi haka sau ɗaya. Da girbi ya zo 'yan'uwansa suka fito, kowa da gaskiyarsa, na tashi da rabin abin da na biya.

Maganar lokaci, azumi a 'yan shekarun nan tsakanin Fabrairu da Maris yake faɗowa. In ka jira sai Sha'aban, a hannun wanda ya riga ka za ka saya, ya riga ya ɗora ribarsa. Ka tafi ƙarshen Oktoba, lokacin da dabino ya gama shan rana, manomi kuma yana neman kuɗin iri da taki na noman sanyi. Ka saya a kasuwa, ko Dabba ko Golid ko Karima ko Dungula, buhu a gabanka. Ka sa a zazzage maka ɗaya cikin biyar a ƙasa. Ka damƙi cikin hannu ka girgiza, barakawi mai kyau ƙara yake kamar tsakuwa. Ka fasa goma daga tsakiyar buhu, in ka ga baƙin gari-gari kusa da ƙwallo, ƙwaro ya riga ka ci. In ka iso gida, ɗaki busasshe, a kan katako, kada buhu ya taɓa ƙasa. Kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya: kuɗin mota da jibaya, wato harajin shingaye, suna cin abin da ba ka zata ba, kada ka zuba jarinka duka a kaya. Tafiyar farko ka raɓi wani babba da ya san hanya, buhu goma ya ishe ka koyo. Akwai hanyar Kassala da Haiya da Atbara, ta ratsa Bayuda zuwa Marawi, amma a makon da za ka tashi ka je tasha ka tambayi direbobi wacce ce lafiya.

TAMBAYA: Yaya Alhaji, ina gaisuwa. Ni uwa ce, mijina ya rasu. Ɗana na fari shekararsa 19, yaƙi ya katse masa karatu. Wani abokinsa ya dawo daga arewa da sabuwar waya da kuɗi, ya ce zinariya tsintar ta ake a ƙasa. Tun ranar yaron ba ya barci, yana so in sayar da awakina biyu in ba shi kuɗin mota. Da gaske akwai zinariyar? In bar shi ko in hana shi? Tsorona in na hana ya gudu ba sallama. Ƙanwarka, daga Mai Wurno.

AMSA: Ƙanwata, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Wasiƙarki ta kwana a raina.

Zinariya akwai ta. Ba zan ce babu ba, don yaron zai san ƙarya na yi, ya daina jin sauran maganata. Tun zamanin Fir'aunoni ake haƙar ta a kwarurukan gabas da Nilu, irin su Wadi Allaƙi da Wadi Gabgaba. Muhammad Ali Basha da ya turo runduna daga Masar a 1820, tana cikin abin da ya zo nema. Wannan rububin na yanzu ya taso ne wajen 2009 da 2010, lokacin da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, wadda suke kira jihaz, ta cika kasuwa. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, ƙasa gaba ɗaya ta jingina da zinariya. Kamfanin ma'adinai na gwamnati ya ce tan 64 aka samu a 2024, a tsakiyar yaƙi, kuma mafi yawanta daga hannun talakawa masu diga da shebur take fitowa, waɗanda ake ce wa dahhaba.

Amma ki duba abin da na gaya wa ɗan Gadarif: rai a arewa bakin kogi yake. Zinariya kuwa ba ta bakin kogi. Tana can ciki, tafiyar kilomita 100, 200, wani lokaci fiye, cikin baƙaƙen duwatsu inda ba itace ba rijiya. Ruwa a tanka ake kawo shi a sayar ganga-ganga. Mota ta lalace ko direba ya ɓata hanya, ƙishirwa ba ta jiran mutum a wannan zafi. Tsinta a sama da abokin nasa ke faɗa, zamaninta ya kusa wucewa, waɗanda suka fara zuwa sun share fili. Yanzu rami ne. A bi jijiyar farin dutse a ƙasa, gaba goma, gaba ashirin, ba tokari, igiya ɗaya, tocila a goshi. A ƙarshen Maris na 2023 wani rami ya rufta a Jabalul Ahmar, a yankin Wadi Halfa, mutum 14 suka rasu. Wannan an ji shi ne don ya shiga labarai.

Dutsen da aka faso a zuba a buhu a kai kasuwar niƙa, irin ta Abidiyya kusa da Barbar, ko ta Abu Hamad, ko ta Dalgo. Na taɓa kai dabino da sukari ɗaya daga cikinsu. Injinan niƙa a jere, farar ƙura har a gashin ido. Gefe guda samari na tsaye cikin kwatami, ruwa iya gwiwa, suna cuɗa laka da zaiba da hannu ba safa. A matse a ƙyalle, a samu ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, a ɗora a cokali kan garwashi, zaibar ta tashi hayaƙi, zinariya ta rage. Hayaƙin nan kowa ke shaƙa, har mai shayi. Zaiba jijiya take ci da ƙoda, kuma ba ta nuna kanta da wuri. A wata rumfa na ji yaro yana Hausa, na kira shi. Ɗan wajen Damazin ne, bai fi sa'ar ɗanki ba. Na saya masa shayi. Ƙanwata, da hannu biyu ya riƙe kofin, duk da haka rabi a ƙasa ya zube saboda karkarwa. Wata goma sha huɗu ya yi yana wanki da ƙonawa. Na ce ya biyo ni mota in kai shi gida. Ya ce, "Baba, da wane ido zan kalli innata hannu rabbana?" Na bar shi a wurin, kuma har yau ina tuna shi in na idar da sallah.

Rabon ma ki ji yadda na ga ana yi. Mai mota da jihaz da abinci ya fara cire abin da ya kashe, ya ɗauki kasonsa, mai rami ya ɗauki nasa, saura a raba wa masu diga, ko su goma ne ko ashirin. In ba a dace ba, wata uku sun tafi a banza, wani ma da bashi a wuya. Ragowar lakar, da suke kira karta, kamfanoni ke saye su sake tatsar ta da guba mai suna sayanid, abin da ya sa mutanen ƙauyuka irin su Sawarda suka tashi tsaye suka ce ba a kusa da ruwansu ba. Wanda na ga yana samu kullum shi ne mai tankar ruwa, mai injin niƙa, mai walda, mai tukunyar ful, da mai sayen giram a kan sikeli. Abokin ɗanki ya dace, Allah ya ƙara masa. Amma ki ce wa yaron ya tambaye shi su nawa suka tafi tare, ina sauran. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ra'ayina, kada ki sayar da awakin, nononsu ƙannensa ke sha. Amma kada ki ce masa a'a ki juya baya, don tsoronki gaskiya ne. Saurayin da ya ga uwarsa tana wahala zuciya ce ke cin sa, ba kwaɗayi ba, kuma ya cancanci a yi masa magana irin ta manya. Ki kira baffansa ko kawunsa da limamin unguwa a zauna da shi. In arewar yake so, ga girbin dabino, ga aikin noman sanyi daga Nuwamba zuwa Maris a wajen Dungula da Golid. Kuɗin ba yawa, amma a bakin ruwa zai kwana, waya na shiga, akwai asibiti kusa. In kuwa ya kafe sai wajen zinariya, to ya tafi da sana'a a hannu, ko tuya ko faci ko ɗinki, ya tsaya a cikin kasuwa, ya ɗaukar miki alkawari a gaban manyan nan cewa ba zai shiga rami ba, ba zai taɓa zaiba ba. Ya tafi da mutanen da kika san gidajensu.

Kuma kada ya taka ko'ina ba raƙam watani, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, a aljihu. Lokacin yaƙi ne, shingaye sun yi yawa, mun kuma san kallon da ake wa yaro baƙo marar takarda, balle namu da har yau wasu ke tambayar asalinsu, alhali kakanninmu sun sauka bakin kogin nan sama da shekara ɗari, tun bayan yaƙin Burmi. Ya nisanci iyakar Masar, ya nisanci kusurwar Musallas ta wajen Libiya, duk abin da aka ce masa ana samu a can. Ki ba shi wannan amsa ya karanta da idonsa, ki ce in ji Kawu.

TAMBAYA: Baba, ni malamar firamare ce. Iyayena Hausawa ne da suka zo aikin auduga suka zauna. Ɗalibaina sun tambaye ni me ya sa ake ce wa garinmu Sabuwar Halfa, ina tsohuwar take. Na ba su amsa a gurguje, amma ina so in ji daga bakin wanda ya je. 'Yarka, daga Halfa Jadida.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki, ya yi wa yaran albarka. Tsohuwar tana ƙarƙashin ruwa. A 1959, zamanin Janar Abbud, Sudan da Masar suka sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwan Nilu, aka buɗe wa Masar hanyar gina babbar madatsar Aswan, ta biya diyyar fam miliyan 15. Tafkin da ya taru a bayanta tsawonsa kusan kilomita 500, wajen 150 daga ciki a ƙasarmu. Su suna ce masa Tafkin Nasir, mu muna ce wa namu ɓangaren Tafkin Nuba. Ya haɗiye garin Halfa da ƙauyukansa da gonakin dabinonsa. Daga Janairun 1964 aka fara kwashe mutane a jirgin ƙasa, kusan 50,000, zuwa Khashmul Girba a bakin kogin Atbara, inda kike yanzu. Mutanen da ba su san hadari ba aka kai su ƙasar tsawa da taɓo, aka ba su hawasha, wato gonar ban-ruwa ta gwamnati, aka ce su noma auduga da alkama da gyaɗa. Wasu suka ƙi tashi. Ruwa na matsowa suna ja da baya da rumfunansu, har suka kafa Wadi Halfar da ake gani yau a kan tsandauri.

Ki gaya wa yaran cewa garin ƙofa ne tun asali. Kudu da shi ƙasar dutse ce zalla da ake kira Batnul Hajar, inda kogi ba ya biyuwa ga manyan jiragen ruwa. Shi ya sa Turawan Ingila, da suka zo yaƙar daular Mahadi, suka shimfiɗa dogo a 1897 daga Halfa ya yanke hamada kai tsaye zuwa Abu Hamad, tafiyar kilomita 350 da wani abu. Tashoshin hanyar ba su da suna sai lamba, don ba garin da za a ara wa suna, kuma Namba Shida ce ta yi fice saboda tana da ruwa. Shekara da shekaru jirgin ruwan Aswan ne ke haɗa mu da Masar, sai a 2014 aka buɗe mashigar mota ta Ashkit, a 2016 ta Argin a yammacin tafki. Ta nan riɗin Gadarif da gyaɗa da zoɓo da shanu ke fita, siminti da taki da robobi su shigo, raƙuman Kordofan da Darfur kuma su bi ta Dungula zuwa kasuwar Daraw. A 2023 ƙofar ta cushe da masu gudun yaƙi, musamman daga watan Yuni da Masar ta ce kowa sai da biza. Iyalai suka yi watanni a makarantu da masallatan Halfa suna jira.

Abin da ya sami Halfawa ya sake samun Manasir da mutanen Amri da Hamdab lokacin madatsar Marawi. A 2007 kuma mutum huɗu suka rasa ransu a zanga-zangar ƙin madatsar Kajbar. In kin ga maƙwabcinki ɗan Nuba, wato ƙabilar Halfawa, ya ɓata rai da an ambaci madatsa, daga nan abin ya samo tushe.

Zuwana Halfa na farko, wani masunci da muka sayi kifi a wurinsa yana zaune yana ɗinkin komarsa, ta yage gida uku. Na tambaye shi ko kada ne. Ya ce a'a, kan dabino ne, bishiyoyin suna nan tsaye a ƙarƙashi, kuma ya san gonar wane ce daga inda komar ta maƙale. Irin wannan ba ya cikin littafin aji, amma yana bakin tsofaffin ƙauyukan da ke kewaye da ke. Wanda ke da shekara 10 a 1964 yau ya haura 70. Ki nemi izinin shugaban makaranta, ki je da kanki ki gai da ɗaya daga cikinsu, ki roƙe shi ya zo ajin ranar Alhamis ya faɗa wa yaran sunan ƙauyensu na asali da yadda aka shiga jirgin.